Tarihin Binciken Mahaifa a Kan Jinin da Ke Zuwa Bayan Ɗaukewar Al'ada

A wurin likitoci, al'adar mace ta ɗauke idan ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba shayarwa take yi ba, ba kuma wani magani ne ya tsayar da shi ba. Yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55. Duk jinin da ya fito bayan haka, ɗigo ne a jikin zane ko ruwa-ruwa mai ja, alama ce da ke bukatar bincike. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne: naman farji da shimfiɗar cikin mahaifa sun yi siriri sun bushe saboda raguwar sinadarin istirojin, ko kuma wani ɗan tsiro ya fito a cikin mahaifar. Amma kusan mace 1 cikin 10 da suka zo asibiti da wannan koke akan same su da kansar shimfiɗar mahaifa, kuma kusan 9 cikin 10 na masu wannan kansa da jinin ta fara bayyana. Aikin da likitoci suka shafe shekaru kusan 200 suna yi shi ne neman hanyar gano wannan mace ɗaya da wuri, ba tare da an galabaita sauran taran ba.

Wahalar tana cikin halittar mahaifar kanta. Ba buɗaɗɗen rami ba ce. Bangonta na gaba da na baya a manne suke da juna. Hanyar shiga cikinta ita ce siririyar kafar da ke ratsa bakin mahaifa, wadda kan ƙara tsukewa bayan ɗaukewar al'ada. Ciki duhu ne, kuma da zarar ƙarfe ya taɓa shimfiɗar sai jini ya fito ya rufe gani. Don haka mai son ganin abin da ke ciki yana bukatar hanyar shiga, yana bukatar haske, yana kuma bukatar abin da zai raba bangon biyu. Ba a samu waɗannan uku a haɗe ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Likitocin dā iyakarsu bakin mahaifa. A kufan birnin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono ƙarafan tagulla masu dunƙule da ake juyawa su buɗe gaban mace don a duba. Soranus, mutumin Afisa da ya yi aikin likita a Rum a farkon ƙarni na 2, ya rubuta littafi kan cututtukan mata inda ya bayyana yadda ake amfani da irin wannan ƙarfe. A Andalus kuwa, Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe juzu'in ƙarshe na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya zana kayan aiki kusan 200, har da na buɗe gaban mace, ya kuma rubuta wa ungozomai darasi, domin su ne ke taɓa jikin mata. Duk da haka babu wanda ya leƙa cikin mahaifar mace mai rai. Tsohuwar da jini ya dawo mata sai dai a ba ta jiƙo da turare da abin matsi, a jira a ga abin da Allah zai yi.

A farkon ƙarni na 19 Joseph Récamier, likita a asibitin Hôtel-Dieu na Paris, ya dawo da ƙarfen duba bakin mahaifa cikin aikin yau da kullum bayan an daɗe da yin watsi da shi a Turai. A Amurka, a shekarun 1840, James Marion Sims ya ƙera nasa samfurin wanda har yau ake kira da sunansa. Ya gwada kayansa da dabarun tiyatarsa ne a jikin mata bayi baƙaƙen fata a jihar Alabama, ba tare da maganin kashe zafi ba, kuma tarihi ya riƙe sunayen uku daga cikinsu: Anarcha, Betsey da Lucy. Wannan tabo ne da ba ya goguwa daga tarihin fannin. A Edinburgh kuma, a 1843, James Young Simpson ya gabatar da siririn ƙarfe mai awo da ake zurawa ta bakin mahaifa a san zurfinta da inda ta karkata. Hannu ya fara shiga ke nan, amma ido bai shiga ba.

Batun haske wani likitan Frankfurt ne, Philipp Bozzini, ya fara ɗaukarsa da gaske. A 1806 ya bayyana wata na'ura mai kyandir da madubi da bututu, wadda ke jefa haske cikin kafofin jiki. Manyan likitocin Vienna sun yi mata kallon abin wasa, shi kuma ya rasu a 1809 yana matashi. Sai a 1853 Antonin Desormeaux ya nuna wa likitocin Paris wata na'ura da ta fi ta Bozzini aiki, mai fitilar da ke cin barasa gauraye da man tafentin. Shi mafitsara ya fi duba da ita.

Da irin wannan na'ura ce aka yi leƙen cikin mahaifa na farko da aka rubuta a tarihi, kuma abin lura shi ne a kan wannan koke ɗin aka yi shi. A 1869 wani likita ɗan Italiya mai suna Pantaleoni ya ba da rahoton wata mace mai shekara 60 da jini ya dawo mata ya ƙi jin magani. Ya fara sa mata wani abu mai kumbura a bakin mahaifa har ya buɗe a hankali, sannan ya zura bututu mai faɗin kusan milimita 12, ya haska. Ya ga tsiro a cikin mahaifar, ya ƙone shi da sinadarin azurfa mai cin nama. A zama ɗaya ya ga cutar da idonsa ya kuma yi maganinta, wato ainihin abin da ake yi a yau da kayan zamani. Sai dai kayansa ba su kai hikimarsa ba. Fitilar tana da zafi, hasken ba ƙarfi, bututun ya yi kauri, jini kuma yana toshe gani. Mafitsara ta fi sa'a: ana iya cika ta da ruwa ta buɗe, shi ya sa na'urar da Max Nitze ya fitar a 1879 ta karɓu nan da nan wurin masu duba mafitsara. Mahaifa tsoka ce mai kauri, ba ta buɗewa da sauƙi, kuma ruwan da aka zuba mata yana zurarewa ta bututun ƙwai. Aka bar leƙen mahaifa a hannun 'yan tsirarun masu gwaje-gwaje har kusan shekara 100.

Abin da ya cike gurbin shi ne kankara. Récamier ɗin nan ne, a shekarun 1840, ya ƙera ƙarfe mai dogon mariƙi da kai kamar cokali don kankare abin da ya tsiro a cikin mahaifa. Farkon aikin bai yi kyau ba. Ƙarfen ya huda mahaifar wasu mata, ƙwayoyin cuta suka shiga cikinsu, wasu suka mutu, likitoci da yawa suka la'anci aikin. Abubuwa uku suka farfaɗo da shi. Maganin sa barci ya shigo tiyata a 1846 da 1847. Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867. Sannan a 1879 Alfred Hegar na Freiburg a Jamus ya fito da jerin sandunan ƙarfe, kowace ta ɗara ta gabanta kauri kaɗan, waɗanda ake zurawa ɗaya bayan ɗaya su buɗe bakin mahaifa cikin 'yan mintoci. Har gobe da sunansa ake kiran su a ɗakin tiyata.

Babban sauyin ya zo ne lokacin da aka daina zubar da abin da aka kankaro. A Berlin, a ƙarshen shekarun 1870, Carl Ruge da Johann Veit suka nuna cewa idan aka yanka ɗan nama siriri aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana iya bambanta kansa da abin da ba kansa ba tun mace tana da rai, tun kafin a yi mata babbar tiyata. Manyan masana cututtuka na lokacin sun yi shakkar a yanke hukunci da ɗan guntun nama, amma aiki ya gaskata su biyun. A daidai wannan lokaci, a 1878, Wilhelm Alexander Freund ya cire mahaifa mai kansa ta hanyar farka ciki a Breslau. Mata da yawa ba su tsira daga wannan tiyata ba a shekarunta na farko, wanda hakan ya ƙara nuna muhimmancin a tabbatar da cutar kafin a ɗauki wuƙa. Daga nan kankarar mahaifa ta tashi daga magani kawai ta zama hanyar gano cuta. A 1900 Thomas Cullen na asibitin Johns Hopkins a Baltimore ya fitar da babban littafi kan kansar mahaifa, inda ya nace cewa jinin da ya zo bayan ɗaukewar al'ada a ɗauke shi da muhimmanci, a kankaro nama a duba.

Haka aikin ya zauna kusan duk tsawon ƙarni na 20. Macen da ta ga jini za a kwantar da ita a asibiti, a sa ta barci, a buɗe bakin mahaifa, a kankare, a aika naman ɗakin gwaji. Shi ne aikin da a asibitocin ƙasar Hausa aka fi sani da wankin ciki, ko da yake a nan an fi danganta shi da ɓari. Ya ceci rayuka masu yawa, ya kuma zama ɗaya daga cikin tiyatocin da aka fi yi wa mata a duniya. Amma lalube ne cikin duhu, kuma an daɗe ba a tambayi iya abin da ƙarfen ke taɓawa ba. A 1975 Stock da Kanbour a Amurka suka yi gwaji mai sauƙi: suka kankare mahaifar matan da dama za a cire musu ita, sannan suka buɗe ta bayan an cire suka duba. A kashi 60 cikin 100 na matan, ƙarfen bai kai ga rabin shimfiɗar ba. Tsiro mai laushi yakan kauce wa ƙarfen ya zauna daram, mace ta koma gida jini ya ci gaba. A 1982 David Grimes ya wallafa nazarin da ya tambayi hujjar sa dubban mata barci, da kashe kuɗi mai yawa, da haɗarin huda mahaifa, don samun abin da za a iya samu a ɗakin ganin likita.

Shekarar 1975 ta kawo wani darasin. Tun shekarun 1960 ake tallata wa matan Amurka ƙwayoyin istirojin a matsayin maganin tsufa, musamman bayan littafin Robert Wilson na 1966 da ya yi kasuwa sosai. Sai ga rahotanni biyu a mujallar likitoci ta New England suna nuna cewa matan da ke shan istirojin shi kaɗai sun fi sauran kamuwa da kansar shimfiɗar mahaifa ninki da yawa. Aka koma haɗa shi da sinadarin furojestin ga duk macen da ke da mahaifa. Wannan ya fito da yadda cutar ke samuwa: istirojin yana sa shimfiɗar ta yi ta kauri, idan babu abin da ke taka masa birki sai kaurin ya iya rikiɗewa. Shi ya sa ƙiba take cikin manyan abubuwan da ke jawo ta, domin kitsen jiki yana samar da istirojin ko bayan ƙwai ya daina aiki. Ciwon sukari, rashin haihuwa, jinkirin ɗaukewar al'ada da shan tamoxifen don kansar nono su ma suna ƙara haɗarin.

Neman hanyar ɗebo nama ba tare da barci ba ya faro tun 1935, lokacin da Emil Novak na Baltimore ya ƙera siririn bututun ƙarfe mai haƙora a kai wanda ake haɗawa da abin zuƙa. A 1968 aka fito da na'urar Vabra a Denmark, mai aiki da injin zuƙa. Tana ɗebo nama sosai, amma tana da zafi da ƙara. Wanda ya yi nasara shi ne mafi sauƙi a cikinsu. A 1984 Cornier a Paris ya bayyana Pipelle, bututun roba mai lanƙwasuwa, faɗinsa kusan milimita 3, da ɗan sanda a ciki. A zura shi, a ja sandan baya, a jujjuya, nama ya shigo cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu. Ba inji, ba wutar lantarki, yawanci ba a bukatar buɗe bakin mahaifa. Yana kama yawancin kansar da ta bazu a shimfiɗar, amma shi ma ba ya gani, don haka yana iya tsallake tsiro ko kansar da ke lungu ɗaya. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu game da gwajin shafa na Papanicolaou, wanda ya shahara bayan littafinsa da Herbert Traut na 1943: an yi shi ne don kansar bakin mahaifa. Sakamakonsa mai kyau ba ya wanke cikin mahaifa.

Hoton sikanin ya shigo ta wata ƙofar. A 1958 Ian Donald na Glasgow, da injiniya Tom Brown da John MacVicar, suka wallafa yadda suka yi amfani da amsa-kuwwar sauti suka ga ƙari a cikin mata, dabarar da aka aro daga masu neman tsaga a jikin ƙarfe a masana'antu. A shekarun 1980 aka samu kan na'urar da ake sawa ta farji, wanda ke kusa da mahaifa har ana iya auna kaurin shimfiɗarta da milimita. Wani babban bincike na ƙasashen arewacin Turai da aka wallafa a 1995, kan mata fiye da 1,100 masu jini bayan ɗaukewar al'ada, ya nuna cewa idan kaurin bai wuce milimita 4 ba da wuya a samu kansa. Wannan adadi ya zama ma'auni a asibitoci da yawa, ya kuma raba mata masu ɗimbin yawa da ƙarfe.

A tsakanin nan leƙen mahaifa yana ta rarrafe. Charles David a Faransa ya sa ƙaramin ƙwan lantarki a kan bututun a farkon ƙarni na 20. A 1925 Isidor Rubin na New York ya gwada hura iskar kabon don raba bangon mahaifa, wasu a Jamus suka gwada ruwa. A 1952 wasu Faransawa uku, Fourestier da Gladu da Vulmière, suka gano yadda za a bar fitila a waje a tura haskenta ciki ta sandar ma'adini mai kama da gilashi, zafin ya tsaya a waje. Harold Hopkins, masanin kimiyyar haske a Ingila, ya sake tsarin gilasan cikin bututu a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Karl Storz na Jamus ya ƙera su, hoto ya fito tar daga bututu siriri. A 1970 Edström da Fernström a Sweden suka yi amfani da ruwa mai kauri wanda ba ya gauraya da jini, Hans-Joachim Lindemann a Hamburg kuma ya daidaita yadda za a hura iskar kabon ba tare da haɗari ba. Wajen 1980 Jacques Hamou a Paris ya rage kaurin na'urar zuwa kusan milimita 5, a shekarun 1990 kuma Stefano Bettocchi na Bari a Italiya ya nuna ana iya shiga ba tare da ƙarfen buɗe farji ko maƙalin bakin mahaifa ba, ruwan gishiri kawai ke buɗe hanya. Shekara 120 da ɗoriya bayan Pantaleoni, abin da ya yi ya zama aikin da ake gamawa cikin minti 10 zuwa 15 mace ta tashi ta tafi gida.

Tsarin da aka fi bi a yau ya haɗa waɗannan duka. Likita zai yi tambayoyi kan jinin da magungunan da mace ke sha, har da masu tsinka jini. Zai duba gaba da bakin mahaifa da ido, sannan a yi sikanin ta farji. Idan shimfiɗar ta yi kauri, ko ba ta fito sosai ba, ko jinin ya sake dawowa duk da kyakkyawan hoto, sai a ɗebo nama, ko a leƙa da kyamara a ɗauko daga daidai wurin da ake zargi, a cire tsiro idan an gan shi. Idan kansa ce, maganin farko yawanci cire mahaifa ne da bututun ƙwai da ƙwan. Wadda aka gano tun tana cikin mahaifa, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5 a ƙasashen da ke tattara alƙaluma.

Ba a gama gyara ba. Rage barci ya zo da sakaci a kan zafi. Mata da yawa ba su jin abin da ya wuce murɗar mara, amma wasu, musamman waɗanda ba su taɓa haihuwa ba ko waɗanda bakin mahaifarsu ya tsuke, suna shan azaba, kuma an daɗe ana raina kokensu. A Birtaniya sai da mata suka yi ta ƙorafi a fili kafin ƙa'idojin aikin suka jaddada a gaya wa mace gaskiyar abin da za ta iya ji, a ba ta zaɓin allurar kashe zafi ko barci, a kuma dakata duk lokacin da ta ce a dakata. Haƙƙinta ne, ba alfarma ba. Ma'aunin milimita 4 ma yana da rauni, domin a kan matan Turai aka gina shi. Binciken da Kemi Doll ta jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ma'aunin ya fi kuskure a baƙaƙen mata, saboda ƙarin mahaifa ya fi yawa a jikinsu yana hana a auna shimfiɗar daidai, kuma sun fi samun nau'in kansar da ba lallai ta kaurara shimfiɗar ba. Wannan ya shafi matan Afirka kai tsaye: sikanin mai kyau bai isa a sallami mace ba idan jini bai tsaya ba.

A Nijeriya da Nijar akwai ƙarin dalilin duba bakin mahaifa da farko, domin kansar bakin mahaifa ce ta biyu a yawa a tsakanin mata bayan ta nono, kuma ita ma da jini take zuwa. Na'urar leƙen mahaifa ba ta wadata ba in ban da manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu a birane, amma ƙarfen duba bakin mahaifa, da sikanin, da sirinjin zuƙa na hannu da ake wankin ciki da shi bayan ɓari, wanda ake iya ɗebo nama da shi, sun fi samuwa. Abin da ya fi kayan aiki ƙaranci shi ne zuwa da wuri. Dattijuwar da ta ga jini takan fara tambayar hukuncin sallarta, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani: tsakanin shekara 50 da 70 a tambayi mata masana ko haila ce, bayan 70 kuwa ba haila ba ce. Wannan amsa ce ta ibada, ba ta faɗi abin da ya kawo jinin ba. Kunyar buɗe jiki, da nauyin faɗa wa 'ya'ya, da zaton basir ne ko sanyi, sukan cinye watannin da kansar ke cikin mahaifa ba ta fita ba. Malamin da aka kawo wa tambayar, da 'yar da ta lura da zanen mahaifiyarta, da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa, ya kamata kowannensu ya tura ta wurin likitan mata a makon da ta ga jinin, ko da sau ɗaya ta gan shi.